Rasuwar Kofur, Tudun Titin Mangwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa yau mako biyar, Nidia Esther Barraza ta gida mai lamba goma sha ɗaya, Titin Mangwaro, unguwar La Candelilla, tana sanar da jama'a rasuwar Kofur, tudun rage gudun mota da ya kwanta a tsakiyar titinmu shekara ashirin da shida. Ya rasu wata Talata da hantsi, a bakin katafila, bayan jinyar da ba kowa ya san da ita ba.

Kafin a yi nisa, mai sanarwa tana neman gafarar kowa. Ta san ba ita ya kamata ta riƙe biro ba. Sanarwar mutuwa aikin manya ne, irin su Don Evaristo shugaban kwamitin unguwa, waɗanda suka san inda ake ajiye waƙafi da inda ake ambaton Allah. Ita shekarunta sha bakwai, kuma ba ta taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, in ban da aikin makaranta da wani fom guda ɗaya wanda za a zo kansa. Wannan takarda ita ce ta bakwai, shida suna kwandon shara. In an ji wata kalma ta fi ƙarfin bakinta, daga littafi ta aro ta.

An haifi marigayi wata Lahadi, wata uku bayan motar giya ta kwashe Don Nicanor da kekensa a gaban shagon aski, ta bar shi da ɗingishi har ƙarshen ransa. Sau uku unguwa ta rubuta wa ƙaramar hukuma, ba a ko ce an gani ba. Sai matar Don Nicanor, Doña Dioselina, ta ɗauki bokiti ta bi gida-gida. Kowane gida ya ba da yashi, masu ɗan hali suka haɗa siminti buhu huɗu, maza suka kwaɓa bayan an fito daga coci. Babu wanda ya tuna ya zo da abin awo, amma akwai wanda ya tuna ya zo da kwalba, shi ya sa marigayi ya tashi kafaɗarsa ta hagu ta ɗara ta dama. Tun da ɗan sanda kwance ake ce wa irinsa, unguwa ta ga bai dace nata ya zauna ba muƙami ba, aka ba shi kofur. Har ya koma ga Ubangijinsa bai sami ƙarin girma ba, bai kuma taɓa ƙorafi ba.

Marigayi mutum ne mai gaskiya. Bai taɓa karɓar na goro ba, bai taɓa neman hutu ba, bai san babba da yaro ba. Motar kansila da motar kwasar shara duk sai sun rusuna kafin su wuce shi. Rana ta gasa shi, ruwan Oktoba ya haɗiye shi kwana biyu, ya sake fitowa yana nan inda yake. Kowace Disamba akan yi masa sabbin kaya da ragowar fentin gidaje, saboda haka wata shekara rawaya ne, wata shekara shuɗi, shekararsa ta ƙarshe kuwa ruwan hoda, kalar ɗakin 'yar mai kemis.

Ba mai yawan magana ba ne, amma duk unguwa ta san muryarsa. Da farko ƙiiy na birki, sai gwaf na tayoyin gaba, a ɗan yi shiru, sai gwaf na baya. In bas ce cike da mutane, gurum-gurum. In baƙo ne da bai san hanya ba, ƙarrr na salansa, sannan ashar da ba za a rubuta a sanarwa ba. Gidaje da yawa ba su ajiye agogo ba, domin gurum-gurum na farko bas ɗin Wilfrido ce, ƙarfe biyar saura kwata.

Babban alherinsa shi ne ya riƙe gida guda shekara ashirin da biyar. Da Doña Dioselina ta lura kowace mota sai ta yi rarrafe a wurin, sai ta kafa tebur da kasko daidai kafaɗarsa ta hagu, tana soya arepa, wato wainar masara mai ƙwai a ciki, tana zuba baƙin kofi a ƙananan kofuna. Tsakanin gwaf na gaba da gwaf na baya hannu zai fito ta taga da kuɗi, arepa ta shige, canji ya bi ta. Ba ta taɓa gudu ba. Taku uku ne daga kasko zuwa taga, ta san su kamar addu'a. Da takun nan uku ta sayi maganin Don Nicanor, da su ta binne shi, da su ta kai ɗanta ya koyi walda. Da su kuma ta saya wa wata yarinya tabarau da littafinta na farko, domin ita ta riƙe yarinyar ranar baftisma, kuma har yau Madrina, wato uwar baftisma, yarinyar take ce mata. Yarinyar ita ce mai sanarwa.

Wilfrido ya saba leƙo kai ya kai ƙara cewa mijin Doña Dio na biyu, wato Kofur, ya sake cinye masa salansa, ita kuma ta ce masa ai laifinsa ne, wa ya hana shi koyon gaisuwa. Shekara da shekaru suna wannan, ba wanda ya gaji.

Marigayi ya rasu ya bar Doña Dioselina da kaskonta. Ya bar mai gyaran salansa na bakin kwana, wanda tun ranar yake zaune yana kallon hannuwansa. Ya bar tsofaffi huɗu masu wasan domino a ƙarƙashin mangwaro, waɗanda ke cacar kofi kan wace mota za ta karce cikinta. Ya bar 'yan firamare da suka saba tsallaka titi a kan bayansa ba tare da duba hagu ko dama ba, yanzu sai an riƙe musu hannu. Ya kuma bar mutum ɗaya da ba ta cancanci a lissafa ta cikin dangi ba, ta dai sa kanta ne a ƙarshe don a san tana nan.

Ciwon ajalinsa da labari mai daɗi ya fara. Bara, da aka zo rabon kuɗin da ƙaramar hukuma ke barin kowace unguwa ta zaɓi abin da za a yi mata da shi, La Candelilla ta jefa ƙuri'a a harabar makaranta, gyaran titi ya kada rufin filin ƙwallo da ƙuri'a sittin da ɗaya. Aka yi kiɗa har yamma. Saura cika fom mai shafi tara. Idanun Don Evaristo sun yi rauni, rubutunsa kuma ko shi ba ya iya karantawa, sai ya aika aka kira Nidia, ya ce tun da kullum hancinta na cikin littafi, yau ga ranar da unguwa za ta ci amfanin hancin. Mutane suka yi dariya, ita kuwa daɗi ya kusa kashe ta, domin ba a taɓa kiranta don wani abu ba.

A shafi na huɗu akwai gurbin da ake rubuta abubuwan da ke kan titi waɗanda jama'a ke so a bar su, ko a mayar da su in an gama aiki. Don Evaristo ya ɗora yatsa a kan gurbin.

"Ki fara da Kofur, 'yata. Ba ya cikin taswirarsu. Abin da ba ki rubuta ba, a wurinsu babu shi."

Ta fara da Kofur. Ta sa mangwaro, ta sa famfo, ta sa ɗan akwatin gilashi na Budurwa Maryamu da ke jikin katangar makaranta. Da fensir ta rubuta duka, don tsoron kuskure, da niyyar in injiniya ya zo ya duba sai ta bi da biro.

Injiniyan ya zo ranar Alhamis. Saurayi ne mai farar riga, a wata ƙaramar mota mai jan ciki kusa da ƙasa, kuma akwai littafi a kujerar gefensa, irin mai kauri wanda ba na aiki ba. Nidia ta hango littafin tun kafin ta ga fuskarsa. Ba ta taɓa ganin babban mutum yana yawo da littafi don jin daɗi kawai ba. Tana tsaye rungume da fom tana shirya gaisuwar da za ta nuna ita ma tana karatu, sai ƙarrr.

Ya fito, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe ya dubi Kofur tun daga wannan kafaɗa har waccan. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi sauƙi. Dariya ya yi, ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya ce sai abokan aikinsa sun ga wannan, wane ne ya aikata shi kuma da wane laifi aka kama titin.

A nan ne abin ya faru, kuma mai sanarwa za ta faɗe shi yadda yake. Ta dubi Kofur da idon baƙon. Ta ga ruwan hoda, ta ga karkatacciyar kafaɗa, ta ga baƙin mai da ya malalo daga kasko shekara da shekaru. Ta ga Madrina da zanen girki mai dabbare-dabbare tana ɗaga ludayi tana yi wa baƙo maraba da ƙarfi, bakinta babu haƙora biyu na gaba. Duk abin da ta tashi a cikinsa ya zama mata kamar rigar da aka ɗinka da ƙyalle daban-daban, ita kuma tana sanye da ita a gaban mai farar riga.

"Wannan ma yana cikin jerinku?"

"A'a, injiniya. Wasu mutane ne suka yi shi tun da can. Ba mu san su ba."

Tana rufe baki Madrina ta iso da arepa mai zafi a takarda, ta miƙa masa, ta ce kyauta ce, kuma ya kula da 'yarta, ita ce mai ilimin unguwar. Ya ci, ya yaba. Nidia ta zaga bayan mangwaro ta ciro abin goge fensir. Layi ɗaya ne, bai ɗauki lokaci ba. Da yamma Don Evaristo ya sa hannu ba tare da ya nemo tabarau ba, ya ce aikin 'yarsu ba ya buƙatar dubawa.

Ta yi ta gaya wa kanta cewa ai masu ilimi ne, za su sa wani tudun na zamani, madaidaici, mai fari da baƙi. Wata huɗu tana gaya wa kanta haka.

Ranar Talatar, duk unguwa ta fito kallo. Sau biyu katafila ta kai masa hannu tana komawa da baya, tsofaffin domino suna tafi suna yi masa kirari, domin kowa ya ɗauka za a ɗaga shi ne a mayar. A na uku ya ce ƙas, sau ɗaya, ya rabe gida biyu. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Tifa ta kwashe shi ta zubar a bayan filin ƙwallo.

Ba za a yi wa sabon titi ƙarya ba, ya yi kyau. Kwalta sumul, fitilu goma sha biyu, bencina shida na ƙarfe da ba sa zaunuwa daga ƙarfe tara na safe saboda zafi, bishiyoyin kwakwa a tukwanen siminti, rabinsu ma har yanzu da rai. Ga allo babba mai ɗauke da kuɗin aikin, peso miliyan ɗari shida da arba'in. Ga wani ƙaramin allo na iyakar gudu mai lamba talatin wanda babu direban da ya taɓa yi wa kallo na biyu. An yanka kirtani, an ɗauki hoto, aka tafi.

Yanzu titin ba ya cewa komai sai fiuu. Bas ba ta tsayawa sai a sabuwar rumfa can gaban kwana, inda tuni wani ya kama hayar shago. Wilfrido yakan danna oda ya ɗaga hannu, kafin Madrina ta ɗago kai ya wuce. Mai sayar da arepa ɗari da ashirin kafin tara na safe, ran nan sha huɗu ta sayar. Rana ta uku bayan buɗe titi wani fasinja ya miƙo hannu ta taga bisa sabo, sai ta ɗauki arepa ta bi bas ɗin da gudu, mace mai shekara sittin da uku. Ba ta kai ba. Ta dawo a hankali tana riƙe da gwiwa, ta mayar da arepa cikin faranti, ta gyara zane kamar ba abin da ya faru. Mai sanarwa ta ga wannan ta tagar ɗakinta, ta saki labule.

Unguwa ta nemi mai laifi, ta samu Don Evaristo. Aka ce masu bas-bas ne suka ba shi wani abu, aka ce ai an gan shi da sabon takalmi. Ya rantse ya ce da bakinsa ya ce a fara da Kofur, sai dai bai taɓa cewa a tambayi yarinyar ba, ko sau ɗaya. Madrina, wadda shekara ashirin da biyar take zuba masa kofi ba ta karɓar kuɗinsa, yanzu in ya gaishe ta sai ta juya tana magana da kasko. Ɗanta mai walda ya bugo waya daga birnin da yake aiki, ya ce ta sayar da teburin ta koma wurinsa, akwai ɗan ɗaki a bayan gida. Ta ce masa a bar ta zuwa ƙarshen wata.

Da ma a nan abin ya tsaya. Madrina ta sa an rubuta mata koke zuwa ƙaramar hukuma, kuma abin mamaki, wannan karon aka amsa. Ba ta iya karatu ba, duk takardar da ta shigo hannunta Nidia take kawo wa, tun daga ta wuta har ta asibiti. Ta zo da ambulan a cikin zane, ta zauna a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya kamar a coci. Nidia ta karanta gaisuwa, ta karanta inda aka ce tudun ba ya cikin taswira kuma ba bisa ƙa'ida aka gina shi ba. Sai idonta ya riga bakinta isa layi na gaba, inda aka rubuta cewa wakiliyar kwamiti da ta raka injiniya ta tabbatar da bakinta ba na mazauna unguwar ba ne, kuma ba a sa shi a jerin abin da za a mayar ba. Ta tsallake, ta sauka kan sa hannu.

Madrina ta karɓi takardar ta auna ta da ido, daga sama har ƙasa.

"Shi ke nan abin da suka ce, 'yata? Kamar ta fi haka tsawo."

"Sauran duk gaisuwa ce, Madrina."

Ta gyaɗa kai, ta ce mutanen ofis akwai son gaisuwa. Sannan ta kwance ƙullin da ta zo da shi, arepa biyar da suka yi kwantai, ta ce a ci da dare, mai karatu ba ta zama da yunwa. Mai sanarwa ta ci. Tana so a san wannan ma, ta ci.

Saboda haka a rubuta a ajiye: katafila ba ta da laifi, aikinta ta yi. Don Evaristo bai karɓi ko sisi ba, takalmin kuma 'yarsa ce ta aiko masa. Injiniya dariya kawai ya yi. Wadda ta kashe Kofur ita ce ta sa hannu a ƙasan wannan takarda, da abin goge fensir ta kashe shi, kuma ba don ƙiyayya ba, don kada wani mai littafi ya san daga inda ta fito.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An samo ragowar marigayi a bayan filin ƙwallo, guntaye uku da har yanzu ake ganin fenti a jikinsu, an sa su a baron mai gyaran salansa an lulluɓe da farin zane. Za a ɗauko shi ranar Asabar da ƙarfe shida na safe daga gaban shagon aski. An roƙi Fada, limamin coci, ya zo, ya ce shi ba ya yi wa siminti addu'a, amma bai ga zunubi a tafiya a ƙasa ba. Masu rakiya za su tsallaka titi da gawa daidai inda ya kwanta, zuwa teburin Doña Dioselina, su juyo, su sake komawa, a hankali, yadda ake tafiya da mamaci, har ƙarfe bakwai. Kowa ya sani babu direba a garin nan da zai ratsa ayarin gawa, sai dai ya tsaya, ya rage rediyo, ya cire hula. In ya tsaya kuma taga na buɗe, abin da ya biyo baya tsakaninsa ne da mai kasko. Za a maimaita haka kwana tara, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Ana roƙon masu makoki kada su karya a gida.

Ba a buƙatar furanni. A zo da katin shaida, domin akwai sabon fom na neman tudu a ƙarƙashin dutse a kan teburin domino, yana son sa hannu ɗari biyu. An cika shi da biro. Mai sanarwa ba za ta ɓoye ba, sai baɗi hukuma za ta duba shi, ƙarshen wata kuwa saura kwana goma sha ɗaya. Ba ta san ko kwana tara na gawa za su isa su riƙe mutum ba. Abin da ta iya tunanowa ke nan. Ita za ta tura baron in an yarda, in kuma an ce kada a ga ƙeyarta a wurin, ta fahimta.

Roƙo na ƙarshe yana ga duk wanda ya fara cin karo da wannan takarda. Don Allah a cire ta daga jikin falwaya a kai wa Doña Dioselina, a zaunar da ita, a karanta mata tun daga sama har ƙasa. A kira Don Evaristo ya ji. Kada a tausasa ko kalma ɗaya, kada a tsallake layi don an ga fuskarta ta canza. In ta tambaya ko shi ke nan, a ce mata e, wannan karon babu saura.

Allah ya ji ƙan Kofur, ya ba waɗanda ya bari haƙurin rashinsa.

Za a liƙa wannan sanarwa da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da aka sauke kasko, masu domino suka kife hula a fuska, kowace ƙofa a rufe saboda zafi. Mai sanarwa ta auna, taku arba'in ne daga falwaya zuwa lungun bayan makaranta. Kafin wani ya kai wannan layi ta riga ta shige, takalmanta a hannu don kada su yi ƙara.

Nidia Esther Barraza